Ragowar Romon Baba Firmin

Ranar Laraba da tsakar rana farantin ya sake dawowa kicin kamar yadda ya fita. Ƙirjin agwagwa ne, Odile ta gasa shi, ta yayyanka shi ƙanana yadda ko marar haƙori zai haɗiye, amma mahaifinta ko kallonsa bai yi ba. Ta tsaya da farantin a hannu tana duban taga, ba don akwai abin gani ba. Gonar inabi ce dai a watan Fabrairu, baƙaƙen kututturai a jere cikin sanyi, rabi an sare musu rassa, rabi suna jiranta.

Kwana tara ke nan Baba Firmin bai sa wani abin kirki a cikinsa ba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye a farkon hunturu yake ɗan taɓa abinci, sai rana ɗaya ya rufe baki gam. Likita ya zo ranar Litinin, ya ɗaga hannun tsohon ya ga fata da ƙashi, ya ja Odile bakin ƙofa ya gaya mata gaskiya. In ya dawo Juma'a bai tarar ana ci ba, asibitin birni za a kai shi a zura masa roba ta hanci. Ita kuwa ta riga ta yi wa tsohon alkawari, tun yana da bakinsa, cewa babu mai fitar da shi daga gidan nan sai a akwati. Da ta san haka alkawarin zai yi nauyi, da ta ɗan yi tunani kafin ta amsa.

Armelle, nas ɗin da ke zuwa kullum ta yi masa wanka, ta shigo kicin tana goge hannu. Mutuniyar arewacin ƙasar ce, can bakin teku inda ba a noman inabi, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

"Yau ma?"

"Yau ma," in ji Odile.

"Ke fa, kin ci?"

"Zan ci."

"Haka kika ce jiya. Ni dai tun da na fara zuwa gidan nan ban taɓa ganin ki a zaune ba. Ki ba shi abinci a tsaye, ki sha kofi a tsaye, anya barcin ma ba a tsaye kike yi ba? Marar lafiya ɗaya aka rubuta mini a nan, kar ki ƙara mini aiki." Ta ɗauki jakarta, sai ta juyo. "Wai don Allah, wane ne Shabro?"

Odile ta ajiye farantin a hankali.

"Kalma uku suka rage masa a duniya," Armelle ta ci gaba. "Akwai a'a, akwai wannan zagin da ba zan maimaita ba, sai Shabro. Yau sau huɗu ya faɗe ta yana bin ki da ido. Ɗan'uwa ne? Kare ne?"

"Akuya ce. Mun taɓa yin wata akuya. Ta daɗe da mutuwa."

"Ikon Allah! Mutum ya manta sunan 'yarsa ya riƙe na akuya. Maza ke nan."

Babu wata akuya, ƙarya Odile ta yi. Duk wanda aka haifa a kwarin nan ya san shabro tun kafin ya san sunan limamin cocinsu. Ka sha romonka har ya rage kamar cokali biyu a gindin kwano, ka ajiye cokalin, ka tsiyaya jar giya a kan ragowar, ka juya kwanon, ka ɗaga shi da hannu biyu ka kafa kai. Shi ke nan. Haka Firmin ya yi kowace rana tun yana ɗan shekara goma sha biyar, haka ubansa ya yi, har ranar da Odile ta hana.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Lokacin ta dawo daga makarantar koyon haɗa giya, kai cike da ilimi, ta sha wahala ta jawo wasu manyan masu saye daga Paris har teburinsu. An shimfiɗa farin zane, an jera kofuna masu doguwar ƙafa, ana ta shinshina giya ana faɗin abin da hanci ya ji. Sai ga Baba ya kai ƙarshen romonsa, ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar da ta fi kowace tsada, ya bulbula a kwano ya kafa kai. Jan ruwa ya bi gashin bakinsa ya sauka kan farin zanen. Matar ɗaya daga cikin baƙin ta tafa hannu tana dariya, wai ashe har yanzu akwai masu yin haka, a bari ta ɗauko abin hoto. Odile ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baƙin suna fita ta tsaya a kansa.

"Baba, wannan ƙazanta ce. In dai ina gidan nan, kar ka sake."

Ya goge bakinsa ya fita gona. Washegari ta naɗe tsofaffin kwanukan mahaifiyarta a jarida ta ɗora can saman kabad, ta sayo farantai masu faɗi waɗanda ba sa ɗaguwa zuwa baki. Bai sake yi a gabanta ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa kalmar nan take sukar ta yanzu. Ta san abin da yake nema sarai. Amma in ta hau kujera ta sauko da kwanukan, ta amsa ke nan cewa ta hana tsoho abinsa shekara talatin saboda dariyar wata mata da ko sunanta ba ta tuna ba. Ga shi kuma ta gaji, gajiyar da ko neman gafara ba ta da ƙarfin yi.

Waya ta yi ƙara. Hubert ne, dillalin da ke sayar mata da giya a gidajen abinci na birane.

"Odile, sarauniyar kwari! Ina layina uku?"

"Wane layi?"

"Haba! Rubutun bayan kwalba mana. Gobe masu buga takarda za su rufe. Ɗanɗanonta kaza, ta dace da abinci kaza. Abin da kike yi kowace shekara ido rufe."

"Ta bana daban ce, Hubert. Bauri gare ta."

"Ba a rubuta bauri a kwalba, 'yar'uwa. Ce mai dattako ce. Ce tana da tsayayyen hali. Sannan ki sa agwagwa, naman rago, tsohon cuku, a wuce wurin."

"Duk na gwada su a makon nan. Duk sun dawo kicin."

"Yaya jikin tsohon?"

"Yana nan."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa har yanzu ban yafe zagin da ya yi mini a bara ba. Gobe kafin ƙarfe biyar, don girman Allah."

Ta ɗauki farantin agwagwar ta sauka rumbun ƙasa inda gangunan giya suke. Giyar da ake magana ita ce ta ƙarshe da Baba ya haɗa da hannunsa, shekara biyu da suka wuce. Ta roƙe shi a lokacin ya sirka ta da inabi mai taushi, ya ce ba don 'yan birni ya yi ta ba. Ta tsiyaya kaɗan ta ɗaga ga fitila. Sunanta dai ja, amma baƙa ce, ba ka ganin yatsanka ta ciki. A hanci ba ta da laifi: 'ya'yan itacen jeji da suka nuna har suka fara bushewa, ɗan hayaƙin murhu, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa. A baki ne rigimar take. Ta fara da daɗi kamar za ta yi mutunci, sai baurin ya taso ya kama dasashi, ya bar harshe a bushe kamar an goge shi da bargo.

Ta tauna agwagwa ta kurɓa. Kowa ya tsaya a kan bakansa, naman ya tafi gefe, giyar ta tafi gefe. Ta gwada da cuku, ya ɗan fi, amma ba abin da za ka sa hannu a kai ba. Ta tofar a bokiti, ta jingina goshinta da ganga mai sanyi. Takardar da ta zo da ita ta koma aljihu babu ko harafi.

Likita ya yarda a ba Baba giya kaurin yatsa biyu a kofi a rana. Ta taɓa kai masa a kofi mai doguwar ƙafa, hannunsa na hagu ya yi rawa, ta zube masa a ƙirji. Ya yi zagin nan nasa, bai sake karɓa ba.

Alhamis da safe ta shiga gona da almakashi, don rassa ba su san ana jinya ba. Layi huɗu ta yi yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa. Ta dawo gida wajen ƙarfe goma, ta buɗe firji, ta rufe. Babu abin da ya rage ba ta dafa masa ba. Kar wani ya ce tausayi ne ya motsa ta, ko nadama. Dabara ce ta ƙare mata. Ta ɗauko rabin kabeji, wake da ta jiƙa tun shekaranjiya ta manta, dankali biyu, tafarnuwa, da cokali guda na kitsen agwagwa, ta watsa a tukunya. Abincin ranar da ba a jiran baƙo.

Romo yana tafasa ta jawo kujera ta hau. Gwiwarta ta yi ƙara. Kwanukan suna nan inda ta bar su, jaridar ta zama ruwan ƙasa, ƙura ta yi mata kauri. Guda shida ne, masu zurfi, marasa baki, yadda leɓe zai zauna daidai. Ta zaɓi mai ɗan ɓalli a gefe, nasa ne, ta wanke.

Ta turo shi a keken marasa lafiya daga ɗaki zuwa teburin kicin, wurinsa na dā, baya ga murhu. Ta gutsuttsura busasshen burodi a kwanon, ta zuba romo a kai, ta ajiye a gabansa. Sannan ta dire kwalbar a gefe da ƙarfin da ya fi wanda ta yi niyya.

"Ga shi nan. Ka yi nasara."

Tsohon ya dubi kwanon. Ya sa babban yatsansa a kan ɓallin ya shafa. Idonsa na hagu ya ciko, na dama yana nan yadda ciwo ya bar shi.

"Ka san doka, Baba. Ba a zuba giya a cikakken kwano. Sai ka sha ya kai ƙasa." Ta ɗebo cokali ta kai bakinsa, tana tsaye a kansa, ido ɗaya a agogon bango. "Buɗe."

"A'a."

"Baba."

"A'a."

Nan fa abin ya ƙwace mata. Ta jefa cokalin a tebur.

"To me kake so? Ka gaya mini! Kwana goma kana kiran abu, na hau kujera da tsufana na sauko maka da shi, ka ce a'a? Gobe likita zai zo. Gobe, Baba! Za su ɗaure ka a gado su sa maka roba a hanci kamar ɗan maraƙi, ni kuma in tsaya ina kallo. Ni kaɗai ce a gona, ni kaɗai a rumbu, ni kaɗai a kicin. Wallahi na gaji. Na gaji da kai, na gaji da giyarka mai baurin tsiya, na gaji da kaina."

Ta tsaya tana haki. Tukunya kaɗai ke magana a kan wuta. Ta ji kunyar abin da ta faɗa, amma ba ta da ƙarfin janye shi.

Firmin bai nuna ya ji haushi ba. Ya miƙa hannunsa mai lafiya can ɗaya gefen teburin, inda kujerarta take a ture, ya ƙwanƙwasa katakon sau biyu.

"Shabro," ya ce.

"Ga shi a gabanka!"

Ya girgiza kai. Ya sake ƙwanƙwasa wurin, da ƙarfi wannan karon. Ya nuna ta da yatsa, ya nuna kujerar, ya nuna saman kabad inda sauran kwanuka biyar suke.

Odile ta daɗe tana kallon kujerar. Sai yanzu ta tuna abin da kowane yaro a kwarin nan ya sani ba tare da an gaya masa ba: ba a yin shabro mutum ɗaya. A teburin mahaifiyarta babu mai ɗaga kwano sai kowa ya kai ƙasan nasa, kuma babu mai fara ci mai girki tana tsaye. Wata uku tana ɗura masa abinci a tsaye kamar mai ba kaji tsaba. Wata uku yana kallon wuyanta yana tsawo, rigarta tana yi mata yawa. Ashe ba don kansa kaɗai yake kiran kalmar ba, shi ya sa yake bin ta da ido.

Ta sake hawa kujerar. Ta wanke kwano na biyu, ta zuba, ta zauna. Da bayanta ya taɓa jinginar kujera sai ta ji duk gaɓoɓinta suna ciwo lokaci ɗaya, kamar dama jira suke a ba su izini.

Tsohon ya tura mata cokalin da ta jefar, ya ɗauki nasa da hagu. Bai kai baki ba sai da ya ga ta kai. Ta sha ɗaya, ya sha ɗaya. Rabi yana zuba a rigarsa, ta yunƙura za ta tashi ta goge, ya yi mata zagin nan, ta koma ta zauna. Idan ta tsaya, ya tsaya. Ta gane cewa in tana so ya cinye, dole ta cinye nata, kuma sai a cokali na biyar ta san yunwa take ji. Sun fi rabin awa a kai. Waya ta yi ƙara a ɗaya ɗakin har ta gaji.

Da romo ya kai ƙasa ya ajiye cokali, ya kama wuyan kwalbar. Bakin kwalbar yana bugun gefen kwano, ƙwas ƙwas ƙwas, amma Odile ta danne hannayenta a cinya ba ta taimaka ba. Nata ya fara zubawa, sannan nasa. Yatsa biyu na likita sun zama uku, ba wanda ya ƙirga. Baƙar giyar ta haɗu da romo ta koma ja mai duhu, ƙwayoyin kitse suna yawo a sama. Ya tallafi kwanonsa da hannun hagu, ya tokare shi da gefen hannun da ya mutu, ya jira ta.

Ta ɗaga nata da hannu biyu ta kafa kai.

Baurin ya tafi. Ba wai ya ɓace ba ne, yana nan, amma ya sami abin kamawa. Kitsen ya kwantar da shi, ɗumin ya buɗe ƙamshin 'ya'yan itacen nan har ya cika mata hanci, gishiri da tafarnuwa suka fito da wani zaƙi da ba ta taɓa sanin giyar tana da shi ba. Ya sauka ƙirjinta da ɗumi ya bazu har yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa. Shekara biyu tana ba mutane haƙuri a kan giyar nan, tana cewa sai ta ƙara kwana a kwalba. Ashe tsohon ya san abin da yake yi. Don kwanon nan ya haɗa ta, kwanon da ke naɗe a jarida a saman kabad, bai kuma san ko za a taɓa sauko da shi ba.

Ta sauke kwanon. Nasa ma babu komai a ciki. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, haƙuri ko makamancinsa. Shi kuwa haɓarta yake kallo. Ta ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa daga gefen bakinta, ya ɗiga a kan rigarta.

Leɓensa ya yi ta kokawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Rabin fuskar da ke aiki ya ɗaga sama kaɗan.

"Ƙa..." ya ce. "Ƙa... zama."

Kalma ta huɗu ke nan, kuma shekara talatin da ɗaya yana ajiye da ita. Odile ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta kifa kai a tebur tsakanin kwanuka biyu. Ya ɗora hannunsa a kan gashinta ya bar shi a nan.

Haka Armelle ta same su. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kwanuka, ta dubi kwalba, ta dubi jajayen bakuna biyu.

"Me zan gani haka? Ya ci?"

"Ya cinye," in ji Odile, tana share fuska da bayan hannu.

"Duka? Me kika sa a ciki?"

"Akuyar ce ta dawo."

Armelle ta girgiza kai ta ciro littafinta. "Mutanen kudu sai a bar ku. Ni dai zan rubuta ya cinye, sauran ku yi wa likita bayani da kanku."

Ƙarfe biyar saura kwata Odile ta kira Hubert ta karanta masa layi ɗaya: tana da bauri, a sha ta a ragowar romon kabeji, kuma kar a sha a tsaye. Ya ce ta haukace, ba mai gidan abincin da zai sayi wannan. Ta ce to ya sa agwagwarsa a ƙasa da ƙananan haruffa, amma nata layin ya zauna. Ba ta da ƙarfin jayayya, shi ma ya ji haka a muryarta, ya bari.

Likita ya zo Juma'a, ya karanta littafin nas, ya taɓa hannun tsohon, ya ce a ƙara mako ɗaya a gani. Mako ɗaya kawai ya ce, bai yi alkawarin komai ba. Da motarsa ta fita Odile ta dubi gonar, layi goma sha tara suna jiran almakashi, rana kuma ta kusa tsaka. Ta bar su ta shiga kicin ta ɗora tukunya, ta ɗauko kwanuka biyu daga inda take kife kofin shan kofinta.